Faɗuwar da Ba Ta Zo Daidai da Zama Ba

Tunda labarin ya riga ya zaga tsangaya, kowa na ƙara masa gishiri yadda ya ga dama, gara in faɗe shi da bakina. Da farko dai, ba sau biyu na faɗi ba. Sau ɗaya ne, sai dai ya zo kashi biyu. Sannan ban kira sunan mahaifiyata ba. Wanda ya ce ya ji haka, tsakaninsa da kunnensa.

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa. An ce a mayar da takardun jarrabawa ofishin sashe kafin ƙarfe goma, na makara, na tarkato su na rungume a ƙirji, ɗari biyu da wani abu, waya a bisansu ina karanta saƙon Oga mai cewa "kana ina?". A ƙafata kuma sabon takalmin nan ne mai ƙwas-ƙwas da kuka yi ta yi mini tsiya a kansa. Shimfiɗar ke nan. Na shigo ƙofar tsangaya.

Kun san ƙofar. Farin tayil ɗin nan mai sheƙi da aka shimfiɗa shekarar da baƙi za su zo duba mu, wanda in rana ta haska shi har fuskarka kake gani. Abin da ba mu lura da shi ba lokacin da muke yabonsa, ruwa a kansa ba ya ganuwa. Busasshe yana ƙyalli, jiƙaƙƙe yana ƙyalli. Indararon saman ƙofar ya karye tun bara, iska na kwaso ruwan tana watsowa ciki, duk wanda ya shigo da lema kuma nan yake kakkaɓe ta. Kafet ɗin goge ƙafa da ke wurin kullum, ranar babu shi. Daga baya na ji wai ya jiƙe ne aka ɗauke shi aka shanya. Wato ranar da aka fi bukatarsa ita ce ranar da aka ba shi hutu.

'Yan aji biyu kuwa suna zaune reras a kan matakala, tun daga ƙasa har sama, suna jiran a buɗe musu ɗakin lakca. Ko tikiti aka sayar ba za a jera 'yan kallo haka ba. Su ne dai waɗanda na tsare makon jiya na yi musu huɗubar minti goma saboda guje-guje a kan bene. Har da kaɗa yatsa. "Jami'a ba firamare ba ce, mutum ya riƙa duba gabansa." Ni na faɗa, da bakin nan.

Taku na farko lafiya lau. Na biyu ma haka. A na uku na sauke dunduniyar dama, sai ta ƙi zama inda na ajiye ta. Ta kama hanya ita kaɗai, sululu, kamar wadda aka aika. Ƙafar hagu tana baya, ba ta ma san an tashi ba. Lokacin bai kai ƙiftawar ido ba, amma wallahi tunani uku na yi a cikinsa. Na ce ai zan iya tsayawa. Na ce wandon nan ba zai iya buɗewar da ake nema daga gare shi ba. Sai na ce, wa ke kallo? Amsar ta ƙarshen ita ce kowa.

Hannu ya so ya kawo agaji, to amma hannu biyu suna rungume da makomar yara ɗari biyu. Jiki ya yanke hukunci ba tare da ya shawarce ni ba, aka saki takardu. Ba ƙasa suka yi ba, sama na watsa su, suka tashi fir kamar an kori tantabaru. Na yi taga-taga ina iyo a iska. An ce wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ni abin da hannuna ya samu shi ne allon sanarwar nan mai ƙafa uku. Bai tare ni ba, rakiya ya yi mini. Tim! Ɗuwawu ya fara isa, tafin hannun hagu ya biyo baya, allo ya zo ya rufe ni kamar murfin tukunya.

Kashi na farko ke nan.

Wuri ya yi tsit. Ba ka jin komai sai takardu suna sauka cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, da takalmina na dama da ya ci gaba da tafiyar da muka faro tare, har ya je ya tsaya a gindin matakala, daidai ƙafar wata ɗaliba. Ta dubi takalmi, ta dube ni, ta dubi safata. Safar tana da huji a babban yatsa. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Mai hankali a nan zama zai yi ya saurari jikinsa, ya motsa hannu ya motsa ƙafa, sannan ya juya ya tashi ta gwiwa yana dafe da abu mai ƙwari. Haka Sista ta gaya mini daga baya. Ni borin kunya ne ya ɗebe ni. Na ture allo na miƙe zumbur ina "ba komai, ba komai", ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da jiƙaƙƙiyar safa, a kan tayil ɗin da bai bushe don ya ga na faɗi ba. Kashi na biyu ya fi na farko sauri. Wannan karon gaba na yi, na sauka a kan gwiwoyi, na tsaya a durƙushe gaban 'yan aji biyu kamar wanda ya zo neman gafararsu.

Sai wata murya daga can saman matakala, a hankali, amma ginin yana da amsa-kuwwa:

"Malam, a riƙa duba gaba."

Ba dariyar da aka yi da ƙarfi ce ta fi ciwo ba, wadda aka danne ce. Mutum sittin suna kokawa da kumatunsu, kafaɗu na rawa, wata ta cusa fuska cikin jakarta, wani ya ƙirƙiro tarin ƙarya. Ga "sannu Malam" na zubowa ta ko'ina, kowace sannu da wutsiyar dariya a bayanta. Na san muryar nan sarai. Takardarsa na cikin masu iyo. Allah ya so shi na riga na ba shi makinsa.

Amma fa ba su suka ƙona mini rai ba. Yara ne, kuma biyu daga cikinsu sun sauko suna tsince takardu. Wanda ya ƙona mini rai maƙwabcina ne na ofis, mutumin sashen Fiziks, mai lemar da ba tasa ba. Kun gane shi.

Mutumin nan yana tsaye taku uku daga inda nake. Bai miƙo hannu ba. Ya wuce ni, ya je ya ɗauko takalmina, ya juya shi, ya shafa ƙasansa da babban yatsa kamar mai taya a kasuwa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Malam, ka ga matsalar." Sannan ya juya ya fuskanci matakala. Ya samu aji kyauta, ga kuma abin gwaji a durƙushe.

Wai tafiya ba komai ba ce illa riƙo tsakanin takalmi da ƙasa. Lokacin da dunduniya ta sauka, turawa take yi gaba, gogayyar da ke tsakaninta da daɓe ce ke tsayar da ita. In ruwa ya shiga tsakani, ko da siriri ne kamar fatar albasa, kuma ƙasan takalmi sumul yake babu tsagin da ruwan zai bi ya fita, to ba a kan tayil kake tafiya ba, a kan ruwa kake. Ya ce daidai yake da tayar mota da ta cinye. Ya ɗaga takalmina sama don na baya su gani. Takalmin da ban gama biyan kuɗinsa a raina ba.

"Ku lura da bambancin," in ji shi. "Ta farko zamewa ce. Ƙafa ta gudu ta bar jiki, shi ya sa ya tafi ta baya. Tuntuɓe kuwa akasin haka ne, ƙafa ce ke tsayawa jiki ya wuce, sai a kifa ta gaba. Kuma ba ya bukatar babban abu. In mutum na tafiya, tazarar yatsunsa da ƙasa lokacin da ƙafa ke wucewa ba ta fi santimita ɗaya zuwa biyu ba. Bakin tayil da ya ɗago, ko wayar caji, ya isa."

Wani ya ɗaga hannu. Ɗaga hannu fa, kamar a aji. "To Malam, ta biyun fa?"

"Ta biyu gaggawa ce."

Na ga yarinya ta ciro biro ta rubuta. A ajina ban taɓa ganin ta rubuta komai ba.

Ba yau ya fara ba, shi ya sa abin ya tsaya mini a wuya. Ranar da motata ta ƙi tashi a gaban ɗakin karatu, minti ashirin ya yi yana mini bayanin abin da ke faruwa a cikin batir, hannuwansa a aljihu, masu gadi ne suka tura. Ranar da makullin ofishina ya karye a cikin ƙofa, ya bayyana mini yadda ƙarfe ke gajiya. Kuma abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da ƙarya yake yi da na samu inda zan kama shi. Lemar da yake riƙe da ita a ranar, mai ɗigar da ruwa a kan tayil ɗin da yake koyarwa a kai, tawa ce. Damina biyu ke nan da ya ce "ara mini zuwa mota". Na so in ce masa ya lissafa nawa ne kason lemar a cikin ruwan da ya kayar da ni, amma mutumin da ke durƙushe da safa mai huji ba ya cin gardama.

Wanda ya ɗaga ni a ƙarshe Baba mai shara ne. Ya sauko da bokiti da mofa a hannu ɗaya, allon gargaɗin nan ruwan ɗorawa a ɗayan, mai hoton mutum yana zamewa. Ya fara buɗe allon ya girke shi kusa da ni, tsaf, sannan ya miƙo mini hannu. Na dubi hoton, hoton ya dube ni. Har yanayin ƙafar ɗaya ne.

Na ce, "Baba, ai wannan ihu ne bayan hari."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ɗana, allo ɗaya ne gare ni, bene hawa uku. Yana can ƙofar bayi inda famfo ke yoyo. In na kawo shi nan, can wani zai faɗi." Ya ce tun ƙarfe bakwai sau uku yana goge wurin, amma jiƙaƙƙiyar mofa ba ta busar da ƙasa, raba ruwan take yi kowa ya samu. Maganar indararo kuwa, ya faɗa ya faɗa har ya gaji da jin muryarsa. Na shirya masifa cike da ciki, na rasa inda zan sauke ta. Da zai tafi ya raɗa mini cewa in samu siminti mai kaushi in goga ƙasan takalmin kafin in sake sa shi. Magana ɗaya, kuma ta fi lakcar Fiziks amfani.

A asibitin makaranta Sista ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Tambayarta ta farko, kai ya bugu? Na ce a'a. Ta ce in daga baya na ji jiri ko amai ko ciwon kai mai tsanani, kada in jira gari ya waye. Ta sa na cire agogo kafin kumburi ya riƙe shi. Sannan ta kama hannun ta danna ɗan ramin nan da ke gindin babban yatsa, na yi wata ƙara da ta fi ta ƙofar tsangaya. Ta ce akwai wani ɗan ƙashi a wurin da ke yawan tsagewa in mutum ya tare faɗuwa da tafin hannu, kuma sau da yawa hoton farko ba ya nuna shi, sai an sake bayan kamar mako biyu. Aka ɗaure hannu. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti ashirin a ɗauke, hannu a ɗage. Na yi ƙasa da murya na ce akwai kuma wani wurin. Ta ce wannan ba a ɗaure shi, haƙuri ne maganinsa da matashi mai laushi. Sai ta tambaye ni ko zan cike takardar rahoto. Ashe akwai takarda. Ta ce ba ni ne na farko daga ƙofar nan ba, amma kowa ya faɗi sai ya karkaɗe jiki ya gudu saboda kunya, shi ya sa a rubuce babu wanda ya taɓa faɗuwa a wurin.

Kafin in kai gida maƙwabcina ya jajanta mini a zauren WhatsApp na malamai. Jaje da alƙaluma. Ya kawo rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, ita ce ta biyu bayan haɗarin mota a cikin raunukan tsautsayi da ke kisa, kuma faɗuwa miliyan 37.3 ce ke kai mutane wurin likita a shekara. Ya ƙara da cewa waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Ya rufe da "Allah ya ƙara sauƙi", ya maƙala sunana. Wata Hajiya, ba zan ce wacce ba, ta rubuto: "Af, shekarunsa nawa ne?"

Washegari ya leƙo ofis, ya dubi bandejin, ya ce ko na san karayar wuyan hannu irin ta masu tare faɗuwa tana ɗauke da sunan wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ayalan, Abraham Colles, wanda ya siffanta ta a 1814, tun kafin a gano hoton ƙashi a 1895. Na ce hannuna bai karye ba. Ya ce, "To, ai ba a sake hoton ba tukuna."

Haushin nan ne ya mayar da ni ɗan bincike. Na ɗauki rula da hannu ɗaya na shiga zagaya makaranta ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Kuma na samu, har ya yi mini yawa. Matakalar bayan ɗakin karatu, wadda kowa ke tuntuɓe a hawa na huɗu yana zagin kansa, na auna ta: hawan ya ɗara 'yan'uwansa tsayi da kusan santimita biyu. Ƙafa tana haddace tsayin hawa biyu na farko ne, daga nan ta daina tambaya, in aka canza mata lissafi sai ta daki baki. Dokokin gini na Amurka ma bambancin da suka yarda da shi tsakanin hawa mafi tsayi da mafi gajarta a jeri ɗaya bai kai santimita ɗaya ba. Ƙarfen dafawar wurin kuwa, in ka dafa shi shi ma dafa ka yake yi. Ƙwan fitilar saman matakalar ya mutu tun ban san yaushe ba, masu karatun dare da hasken waya suke sauka, wato ido a kan waya. A ɗakin kwamfuta wayoyin caji sun ratsa hanya kamar tarkon zomo. Ga kwalbatin da aka ɗauke murfinsa, ga saiwar bishiya da ta ɗaga daɓen hanyar ɗakunan kwana. Shekara nawa ina bin wuraren nan ban ga ko ɗaya ba, sai da ɗuwawuna ya buɗe mini ido.

Na rubuta shafi uku na kai. Ban sa maganar waya ba, ban sa ta takalmi ba, ban ce hannuwana biyu a cike suke har ba na ganin ƙafata ba. Ba a tambaye ni ba. Amsar da ta dawo kalma biyu ce, "an karɓa". Oga kuma da ya ga kwafi sai ya ce tunda ina da sha'awar abin, daga yau ni ne kwamitin kula da lafiyar gini na sashe. Ba shugaban kwamiti ba. Kwamitin.

Takardu an shanya su a kan tebura biyu ƙarƙashin fanka, babu wadda ta ɓata, sai dai sun yi kumburi kamar hannuna. Duk da haka yaro ɗaya ya zo har ofis, ya rusuna, ya ce Malam amsarsa ta tambaya ta uku ruwa ne ya wanke ta. Na ciro takardar. Shafin a bushe yake ƙayau, fari tas, ko lambar tambayar bai rubuta ba. Ya ce to ai shi ya sa, wankin ya yi kyau. Na kusa ba shi maki ɗaya.

Hoto na biyu ya nuna babu tsagewa, targaɗe ne. Maƙwabcina kamar bai ji daɗi ba. An sayo wa Baba allo na biyu, yanzu yana girke a ƙofar dare da rana, ko da ruwa ko babu, har ido ya saba da shi an daina ganinsa. Makon jiya wata ta yi tuntuɓe da ƙafarsa. Indararo yana nan yadda yake. Ni dai na koma goya jaka a baya, waya a aljihu, in ƙasa ta jiƙe in riƙa ɗan gajeren taku ina buɗe ƙafa kamar agwagwa, 'yan aji biyu suna buɗe mini hanya da ladabin da ya yi yawa.

Na tanadi abin da zan faɗa ranar da shi ma zai zame. Na ma rubuta, da misalai. Sai dai mutumin takalmi mai ƙasan roba yake sawa, mai tsagi zurfafa, kuma ba ya tafiya da sauri ko gobara ake yi. Jiya da hadari ya haɗo na gan shi ta taga ya nufi mota da lemar. Ɗaya daga cikin ƙarafunanta ma ya karye.